Sabis ɗin shokar baya ta keken tsauni, daga kwancewa har ɗaurawa

Asabar, 2 ga Maris

Toh jama'a yau na fara aikin shokazobar baya ta keken nan, kuma zan riƙa rubuta abin da na yi duk ranar da na taɓa ta, don irin wannan aikin in ba ka rubuta ba sai ka rasa wace roba ce ta fito daga ina. Keken na hannu na saya, mai shi na farko ya ce shi dai iska kawai yake ƙara mata, bai taɓa sa an buɗe ta ba. Shokar iska ce, daga ido zuwa ido (ramukan bol biyun da ake ɗaure ta a firam da su) milimita 200, tafiyarta milimita 57, wato tsohon awon nan na inci 7.875 da 2.25 kafin a shigo da awon metirik a 2016 irin su 210x55 da 230x60.

Ciwo uku nake gani. Iska ba ta kwana, na hura 180 psi (awon matsin iska) da yamma, da safe geji ya nuna 140. Na san duk sanda ka ɗaura famfo sai geji ya nuna ƙasa da abin da ka bari saboda tiyon famfon daga cikin shokar yake cika, amma wannan 'yan psi ne kaɗan, 40 kam yoyo ne ba wata magana. Sai wani sauti idan ta matsu ta dawo, cakal-cakal kamar ƙafa a cikin taɓo. Na ukun kuma idan na kama sirdi na ɗaga a hankali sai in ji ƙwas, akwai ɗan wasa kafin tayar baya ta bar ƙasa.

Abin da ya sa ban ruɗe ba shi ne shoka abu biyu ce a jiki ɗaya. Gwangwanin da kake gani a waje sifirin ne na iska, shi ke ɗaukar nauyinka. A cikinsa kuma akwai dampa cike da mai, ita ke ƙayyade saurin matsuwa da saurin dawowa, ba don ita ba da keken ya riƙa tsalle da kai a kan kowane dutse. Kowane ciwo da gidansa, yoyon iska na gwangwani ne, cakal-cakal ɗin ina zargin dampa, ƙwas ɗin kuma ina jin ma ba daga cikin shokar yake ba. Ɗaya bayan ɗaya zan bi su don in san wane gyara ne ya kashe wane ciwo.

Kamfanin RockShox ya ce a yi wa gwangwani sabis duk awa 50 na hawa, dampa kuma awa 200 a shokokinsu irin su Deluxe. Fox kuma cikakken sabis duk awa 125 ko shekara guda, duk wanda ya riga zuwa. Tawa ta wuce wannan nesa ba kusa ba.

Lahadi, 3 ga Maris

Kafin in kwance komai na ɗauki hotuna ta ko'ina, na ƙirga kilik na jan maɓallin da ke saita saurin dawowa, tun daga rufe, kilik 6 yake, na rubuta. Sai na sa kalifa, ma'aunin milimita, na auna sandar dampar da ke waje, na ga milimita 50 da ɗoriya maimakon 57 ko ma fiye. Nan na dakata.

Ga abin da ke faruwa. A cikin gwangwanin ɗaki biyu ne, fistin a tsakani. Babban ɗaki shi kake hurawa da famfo, shi ke tura shokar ta miƙe. Ƙaramin ɗakin da ke bayan fistin kuma iskarsa jan shokar take yi ciki, ita ke sa farkon matsawar ya yi laushi. A jikin gwangwanin ta ciki akwai wani ɗan lotso, duk sanda sil ɗin fistin, wato zoben robar da ke tare iska, ya zo daidai wurin sai iska ta ratsa, ɗakunan biyu su daidaita da kansu. To idan sil ya gaji, ko tsohon giris ya toshe lotson, sai iska ta taru a ƙaramin ɗaki ta rasa hanyar fita, shokar ta maƙale a ciki. Haɗarin kuwa babba ne, ko ka saki iskar bawul gaba ɗaya wancan ɗakin yana nan da matsinsa, kana kwance gwangwanin zai iya harbowa ya fasa maka fuska ko hannu. Littattafan kamfanonin sun faɗa da babbar murya cewa shokar da ta ƙi miƙewa gaba ɗaya kar a buɗe ta. Don Allah duk mai karanta wannan ya riƙe wannan ɗin ko ya manta sauran.

Tana kan keken na hura mata 250 psi, na dafa sirdi ina dannawa a hankali ina saki, ban da gaggawa. Can sai na ji ɗan fisss daga ciki, ta miƙe. Na sake aunawa, sandar ta fito cif. Alhamdulillah. Daga nan na fara rage iskar da maɓallin famfo kaɗan-kaɗan, in rage in danna keken, in rage in danna, don ƙaramin ɗakin ma ya riƙa sauka tare da babban, har geji ya kai sifili shokar tana nan a miƙe.

Talata, 5 ga Maris

Na cire ta daga firam. Bol ɗin ƙasa ya ƙi motsi, na zuba man kwance tsatsa na bar shi ya jiƙa, da alanki mai dogon hannu ya saki. Ga kuma tushen ƙwas ɗin nan na gani da idona: bushin ɗin idon shoka, wato zoben da sandar ɗauri ke juyawa a ciki, ya cinye. Irin na ƙarfe ne mai shafe a ciki, shafen tefulon ɗin ya goge har jan tagullar da ke ƙarƙashi ta bayyana, sandar alminiyon da ke ratsa shi kuma ta yi zobe-zobe. Da yatsa biyu na zare ta, alhali mai lafiya sai an matsa ta da ƙarfi take fita.

Laraba, 6 ga Maris

Na yi odar saitin sil na gwangwani, bushin biyu masu ramin milimita 12.7, sabuwar sandar ɗauri 22.2 mai ramin bol na 8, giris na sil, ƙaramar kwalbar man gwangwani, sifirit na aisofurofil da tsinken roba na cire sil. Duka kuɗinsu bai kai na aika shokar wurin masu sabis ba, kuma giris da man za su daɗe ana amfani da su.

Asabar, 9 ga Maris

Kaya ba su iso ba amma na buɗe gwangwanin don in ga abin da ke jirana. Na cire ƙwayar bawul tukuna don kar wata iska ta rage, na kama idon shokar a bais da laɓɓan alminiyon masu laushi, na zura tsumma ta ɗaya idon ta yadda ko gwangwanin ya zabura tsumman zai tare shi, na sa tabarau. Da hannu ya ƙi juyawa, sai da na naɗa masa guntun tsohon tub na kama da sifanar bel sannan ya saki da ɗan fuf.

Wallahi abin tausayi. Ciki a bushe ƙamas, babu ɗigon mai ko ɗaya, sai wani baƙin laka na tsohon giris da garin roba da ƙura. Babban sil ɗin fistin, wanda ya kamata ya kasance da leɓɓa huɗu, ya baje ya zama shafal, gefe ɗaya ma ya gutsire. Lotson da na yi magana a kai kuwa cike yake dam da busasshen giris, sai da na sa tsinke na tono shi. Kun ga dalilin maƙalewar kenan. Robar share ƙura ta bakin gwangwani ta yi tauri, in ka lanƙwasa ta sai ka ga ƙananan tsaga.

Sai abin da ya tayar min da hankali. Da na wanke sandar dampar da sifirit na haska ta da tocila, na ga karce a tsaye, tsawonsa zai kai milimita 8, daidai inda sil ke wucewa idan shokar ta nutsa zuwa rabi. Na bi da farce, farcen yana ɗan kamawa. Yashi ne ya shige ƙarƙashin busasshiyar robar share ƙura ya yi ta kai da komo. Irin wannan karcen shi ke yanka sabon sil, kuma iska tana bi ta cikinsa. Na duba kuɗin sabuwar sanda na ga ta kusa cinye duk abin da nake ganin na tsira da shi, don haka zan fara gwada gyara ta, in ta ƙi sai in saya.

Lahadi, 10 ga Maris

Aikin karce. Na kewaye wurin da salatif don kar in taɓa lafiyayyen shafen, na jiƙa samfefa mai lamba 1200 na ɗan goge bakin karcen da ya taso, a hankali sosai, sannan mai lamba 2000. Ba ramin nake son sharewa ba, kaifin gefensa kawai. Na wanke da sifirit, na cike ramin da ɗan digon gam na ifoksi da bakin allura, na ajiye ya bushe.

Talata, 12 ga Maris

Gam ya kama. Na goge abin da ya taso da 2000 har ya yi daidai da jikin sandar. Farce na wucewa sumul yanzu.

Alhamis, 14 ga Maris

Kaya sun iso, sai dai saitin sil ɗin ba nawa ba ne. Na ɗora babban sil a kan tsohon na ga ya fi shi faɗi, zoben robar da ke rufe bakin gwangwani ma haka. Na duba lambar da ke jikin ledar, ta saɓa da wadda ke cikin odata, na wata shekarar aka ɗauko min mai gwangwani mafi girma. Na tura wa mai kayan hoton lambobin biyu, ya amince zai canza amma sai nasa ya koma hannunsa tukuna, kuɗin mayarwar kuma a kaina. Abin ya min ciwo, shoka a buɗe a kan tebur, keke a rataye ba hawa.

Ga mai shirin yin oda, suna ɗaya na shoka yana iya ɗaukar shekaru da gwangwanaye daban-daban, don haka da lamba ake nema. Shokokin Fox suna da ɗan kod mai harafi huɗu a jiki wanda za ka sa a shafinsu ya faɗa maka ainihin wace ce, RockShox kuma da siriyal lamba ake dubawa a manhajarsu ta TrailHead. Kuma kaya na zuwa ka gwada da tsohon kafin ka yaga leda.

Asabar, 16 ga Maris

Tunda jira nake na yi bushin. Ba ni da ƙarfen da aka yi don wannan, na haɗa dogon bol da noti da wosha da soket biyu, ƙarami yana tura tsohon bushin, babba yana karɓarsa ta ɗaya gefen. Sabon ya shiga a miƙe. Sandar ɗaurin sai da bais ta shiga, haka ake so.

Na kuma juya boris ɗin linkej, wato haɗin ƙarafan da ke tsakanin shoka da tayar baya, ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ɗaya na ɗan gurza amma ba wasa, na sa shi a lissafin gaba.

Talata, 19 ga Maris

Gwangwani na gefe, sai na gwada dampar ita kaɗai. Na dafa ta a kan katako na danna da nauyina. Milimita huɗu ko biyar na farko fanko ne, ba wani abin da ke riƙewa, sannan mai ya kama, ga kuma cakal-cakal ɗin nan ɓaro-ɓaro. Na rufe jan maɓallin gaba ɗaya, na buɗe gaba ɗaya, bambancin kaɗan ne. Babu tantama iska ta shiga mai. Sabon sil na gwangwani ba zai taɓa wannan ba ko kaɗan, don haka aikin ya ƙaru.

Asabar, 23 ga Maris

Saitin da ya dace ya iso, na gwada da tsofaffin, daidai. Amma ba zan sa su yanzu ba, sai na gama da dampa, tunda wasu silan a kan murfin dampar suke zama kuma mai zai ɓata wurin.

Na zauna da littafin sabis na shokar na karanta sashen dampa sosai. Ga yadda take. Idan sanda ta shiga cikin mai dole man ya samu inda zai matsa tunda mai ba ya matsuwa, shi ya sa a can ƙarshen dampar aka sa wani fistin mai yawo da ake kira IFP, mai a gabansa, gas mai matsi sosai a bayansa. Gas ɗin ne ke danne man kullum don kar ya yi kumfa idan fistin na gudu a cikinsa. Zoben roba ɗaya tak ke raba su, in ya gaji gas ya tsallaka cikin mai, shi kenan sai fanko da sauti.

Shokoki da yawa, musamman Float na Fox, ta wata 'yar roba ake cika wannan ɗakin da allura da tulun naitirojin, wannan kam ba aikin gida ba ne in ba ka da kayan. Tawa bawul ne ƙarami da ake ɗaura wa adafta a hura da famfo. Wasu na cewa dole sai naitirojin zalla, ni dai ina ganin ga irin hawan da nake yi iska ta wadatar, kashi 78 cikin 100 nata ma naitirojin ne, kuma littafin da kansa ya yarda da famfo. Matsalar ita ce littafin ya ce 350 psi, famfona kuma a 300 ya tsaya.

Sabuwar oda kenan: famfo mai kai 600 psi, adafta, saitin silan dampa, man dampa irin nauyin da littafin ya rubuta, da maƙalin sanda na alminiyon. Da wannan kuɗin da na kashe ya kusa kamo na aikawa wurin masu sabis. Gaskiya in sau ɗaya mutum zai yi, aikawar ta fi. Ni don zan ci gaba da yi ne, kuma ina son in san abin da ke ƙarƙashina idan ina gangarowa.

Laraba, 27 ga Maris

Jira. Na wanke gwangwani da sifirit na naɗe a tsumma mai tsabta.

Asabar, 6 ga Afrilu

Yau na buɗe dampa. Farkon abu, tabarau, sannan sakin gas ɗin IFP, ba a taɓa murfi sai wannan ɗakin ya zama fanko. Da na danna bawul ɗin abin da ya fito ɗan huci ne mai rauni haɗe da feshin mai, ɗakin da ya kamata ya riƙe 350 psi fa. Na kwance murfin a kan roba mai faɗi, man ya zubo toka-toka da kumfa, ga wari na ƙonewa, ga ƙyalƙyalin garin alminiyon a ƙasa idan ka karkata robar a haske. Zoben IFP ya baje ta gefe ɗaya har ya yi sheƙi.

Inda na fi taka-tsantsan shi ne fistin da shim ɗinsa. Shim wasu siraran faifan ƙarfe ne da aka jera a fuskokin fistin biyu, mai na turo su suna lanƙwasawa su ba shi hanya, faɗinsu da kaurinsu da yadda aka jera su su ne halin shokar gaba ɗaya, ka juya guda ɗaya ka canza keken. Ina kwance notin na zura waya ta tsakiya na zare su duka tare a jere, na ɗaure bakin wayar, sannan na riƙa ɗauko ɗaya in goge in auna da kalifa in rubuta in mayar. Wasu kaurinsu milimita 0.10 ne, wasu 0.15, da ido ba za ka bambance ba. Babu wanda ya lanƙwashe ko ya tsage.

Na canza duk zobban roba da tsinken roba, ƙarfe ba ya zuwa kusa da ramin sil don ɗan karce a nan yoyo ne na har abada. Na shafa wa sabon zoben IFP giris, na tura shi zuwa zurfin da littafin ya rubuta wa tafiyar 57, na auna da wutsiyar kalifa ta ɓangarori daban-daban don in tabbata bai karkace ba. Zurfin nan ba a yi masa kintace, in ya yi sama da yawa fistin zai doke shi a ƙarshen tafiya, in ya yi ƙasa ɗakin gas ya ƙanƙance matsin ya yi yawa. Na cika mai har baki, na buɗe maɓallin dawowa, na saka fistin a hankali mai na ambaliya, na ɗaure murfi, rarar ta fita ta ɗan ramin fitar da iska, na toshe, na hura 350.

Lahadi, 7 ga Afrilu

Na danna ta a kan katako. Cakal-cakal ya tafi, maɓallin dawowa yana aiki sosai, in na rufe shi da ƙyar take miƙewa. Amma har yanzu akwai ɗan fanko a farko, milimita ɗaya zuwa biyu, da ɗan tsit idan ta juya daga matsuwa zuwa dawowa. Wani zai ce a bar shi haka, ni ban yarda ba, don ƙwayar iska ɗaya a cikin mai idan shoka ta yi zafi a doguwar gangara dagargajewa take yi ta koma kumfa, a dawo gidan jiya.

Inda nake zargi shi ne cikin sandar. Rami ne da ita, allurar dawowa na ciki, kuma iska na laɓewa a nan da ƙarƙashin shim inda ido ba ya gani. Zan sake.

Laraba, 10 ga Afrilu

Na zuba man a kofi mai tsabta tun jiya na rufe don ƙananan kumfan da ke cikinsa su taso su fashe. Na saki gas, na buɗe, na sake saita IFP. Wannan karon na nutsa fistin a cikin man kofin tukuna, ina motsa shi ina ƙwanƙwasa sandar da bayan sukudireba, sai ga ƙananan ƙwayoyin iska suna fitowa daga ramin tsakiya a jere, na yi ta yi har suka daina. Na ɗauko shi yana ɗiga na saka a dampar ba tare da ya tsane ba. Na rufe, na hura.

Fanko babu. Daga milimita na farko mai ke riƙewa, shiru kuma. Na ji daɗi ƙwarai.

Asabar, 13 ga Afrilu

Silan gwangwani. A kan fistin jerin shi ne farin zoben tallafi, baƙin sil mai leɓɓa huɗu, sai wani farin zoben, kuma a tabbata sil ɗin bai murɗe a raminsa ba, na bi shi da yatsa zagaye guda. Haka a bakin gwangwani, sannan robar share ƙura leɓenta na kallon waje. Giris shafawa kawai na yi har suka yi sheƙi, ban cusa ba, tunda na ga abin da yawansa ya yi wa lotson nan. Man gwangwani wajen mililita 2 a babban ɗaki.

Rufewa da hannu a kan tebur ya gagara, don da zarar sil ya kama iskar da ke ciki sai ta riƙa turo gwangwanin baya kafin zare ya kama zare. Na ɗaura shokar a kan keke, na kwanta da ƙirji a kan sirdi ta matsu, na tura gwangwanin na juya, ya kama. Ɗaurin hannu kawai. Zoben awon nutso, mai nuna iya yadda shoka ta matsu idan ka hau, shi ma na sa shi a kan sandar kafin bol ɗin ƙasa. Bol biyun na ɗaure da sifanar awo daidai abin da aka rubuta wa firam ɗin.

Hurawa kuma 50 psi a lokaci guda, bayan kowanne in danna shokar kashi ɗaya cikin huɗu na tafiyarta a hankali sau 10 don ɗakunan su daidaita. Ana jin ɗan fis ɗin duk sanda sil ya wuce lotson. Na bar ta a 180. Na ɗaga sirdi, ƙwas ya tafi.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Da safe 155. Gabana ya faɗi, tunanina ya tafi kan karcen nan kai tsaye. Na kaɗa ruwan sabulu na shafa a bakin robar share ƙura, shiru. Wurin zaren gwangwani, shiru. Na ɗiga a bakin bawul, sai ga ƙwai na tasowa a hankali, ya fashe wani ya taso. Ƙwayar bawul ce, 'yar robar da ke kanta ta tsufa. Ashe yoyon farko ma biyu ne suka haɗu. Na sa sabuwa, irin ta Schrader ce dai amma na nemi wadda aka yi don matsi mai yawa. Na mayar 180.

Talata, 16 ga Afrilu

Geji na nuna 172 da na ɗaura famfo, abin da tiyo ke sha kenan. Ta riƙe.

Asabar, 20 ga Afrilu

Saitin nutso. Wannan aikin mutum biyu ne, na ce Yaya don Allah riƙe min kan keken kar ka danna kar ka ɗaga. Na sa duk kayan da nake hawa da su har jakar baya da ruwa, shuɗin liban da ke taurara matsuwar shoka a buɗe, na hau na ɗan yi rawa a kai, na tsaya, ya tura min zoben ya manne da bakin gwangwani, na sauka a hankali. Kashi 30 cikin 100 na 57 shi ne milimita 17, kashi 25 kuma 14 da ɗan kai. A 180 na samu 19, a 190 na samu 17. Yaya ya ce kai ƙanena wannan milimita biyun har wani ji za ka yi? Na ce masa Yaya hau ka gani, ya hau ya danna, ya ce lallai ta yi laushi ba kamar da ba.

Dawowa na fara da kilik 6 na da, sai na ga ya yi sauri yanzu, sirdi na bugo ni idan na sauko daga dakali, tunda a da man da ke ciki ba ya riƙe komai mai keken ya saba da haka ne. A kilik 4 daga rufe ta nutsa ta dawo ta tsaya, ba ta sake lilo ba.

Asabar, 27 ga Afrilu

Hawan gwaji a hanya mai duwatsu da saiwoyi. Tayar baya tana manne da ƙasa, ƙananan duwatsun da a da nake ji a ƙugu yanzu shanye su take yi, a hawa ma taya ba ta zamewa kamar da. Bayan doguwar gangara na taɓa gwangwani da ɗumi, dawowar ta ɗan ƙara sauri saboda mai ya yi ruwa, wannan al'adarta ce, amma ba sauti.

Abu ɗaya ya rage. A wani tsalle da bai kai a kira shi babba ba na ji ta kai ƙarshe, zoben ya je can bakin sanda. In na ƙara iska zan rasa laushin farkon da na sha wahala a kansa, nutson ya koma 14. Maganin shi ne rage girman babban ɗakin da tokin, wato ɗan guntun roba da ake sawa ya cike wuri, tunda iska in ka matse ta zuwa rabin wurinta matsinta ninkawa yake, ɗaki ƙarami kuwa yana saurin kai wa nan, sai ƙarshen tafiya ya yi tauri farkon bai canza sosai ba. Na yi odar saitin tokin, da matsakaici zan fara.

Na goge sandar na duba wurin gam, yana nan daram, siririn zoben mai kawai a kan sanda wanda sabon sabis ke bari. Zan riƙa duba shi bayan kowane hawa, in na ga ya fara ɓarewa sabuwar sanda zan saya kafin ya ci sil. Na fara rubuta awannin hawa daga yau don in buɗe gwangwani a awa 50. Kafin tokin ya iso zan cire boris ɗin linkej mai gurzar nan in karanta lambarsa, bayan shi sai ƙafafun shokar gaba, su ma na ga robar share ƙurarsu ta bushe.